Ni Na Wanke Famfon Feshi a Tafki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah takardar ga ta iske ki kin sauka Birnin Kebbi lafiya, kin iske Gwaggonki Luba da mutanen gidanta lafiya can unguwar Gesse. Allah shi tsare ki a hanya, shi tsare ki a gidan mutane, shi tsare ki wurin karatu.

Na ce ma Innarki ta tura takardar ga can ƙasan jakarki, kada ki gan ta sai kin sauka. Ke ce ta fari gare ni, kin san ban taɓa iya zama gabanki in yi doguwar magana ba, ko sunanki na yanka ban iya kira. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi. Aji huɗu na tsaya anka maida ni jirgi. Inda kika ga na goge na sake, hannu ne bai saba ba.

Kin san abin da ya faru shekaranjiya. Kin tafi yi ma Baffanki Garba ban kwana, ya ga tahowarki ya tashi ya shige ɗaki. Kin dawo kina share ido da bakin hijabi, kina tsammani ban gani ba. Na gani. Ya rantse ba shi sa albarka ga ɗiyar gidan masunta da za ta tafi koyon aikin malaman gona, ta dawo tana raba ma mutane garin maganin tsutsar da ya kashe muna kifin tafki. Haka shi ya ɗauka, haka duk fadamarmu ta ɗauka, ke ma haka kika ji tun kina makaranta.

To, Larai, garin nan bai kashe kifi ko ɗaya ba. Ni na kashe su. Shekara biyu ke nan ina riƙe da wagga magana, kuma ga shi yau ke ta hana ma albarkar wan ubanki.

Bari in faro maki daga farko, don in ban bi shi daki-daki ba ni kaina rikicewa nike.

Ni ba manomi ba ne, kin sani. Cikin jirgi na buɗe ido. Da kifi ya ja baya a gulbi, ana kwana uku ba a cika kwando ba, shi ne Yaya Garba ya yanka mani wancan yankin fadama na bakin tafkin gidanmu, ya ce in gwada masarar rani. Na shiga noma da gemuna, ban san komai ba. Mamman Dogo, wanda gonarshi ke jikin tawa, kullum sai ya sami abin dariya, Basarke yake ce mani, wato masunci. In na riƙe fartanya ya ce, “Basarke, ba filafilin jirgi ba ne fa, ƙasa ba ta tuƙuwa.” In na tsaya ina duban shuka ya ce, “Jira kake ta ja ƙugiya?” Ina dariya da su, amma abin na cin raina.

Masarar ta fito da kyau, har na fara jin kaina manomi. Ta kawo gwiwa sai na ga ganyen ya fara yin wasu tabo fari-fari awa an kankare shi da farce. Bayan kwana kaɗan sai huji. In ka leƙa cikin ƙoƙon masarar sai ka iske wani abu awa garin katako ya cika shi, ka tona sai ga tsutsa kwance ta ƙoshi. Duk fadama haka. Shi ne anka ce malamin gona zai zo, Malam Shehu, wani siriri mai tabarau, bisa babur.

Ƙarƙashin mangwaron bakin hanya munka taru. Ya fiddo wata ’yar leda mai gari ciki, an rubuta B da T manya a jiki, su kaɗai na iya karantawa. Ya ce wanga ba irin gubar da munka saba ba ne. Ya ce wata halitta ce ƙarama ƙwarai, cikin ƙasa take zaune, ido ba ya ganin ta, ita ke yin wani dafi, shi ne anka tara anka busar. Ya ce tsutsar ma ba daga ƙasa take fitowa ba, ɗiyar wani ƙwaro ce mai fiffike, launin toka, irin mai bin fitila, shi ke zuba ƙwai a bayan ganye. Ya faɗi lokacin feshi, ya faɗi girman tsutsar da ake fesa ma, ya faɗi kwana nawa za a jira. Duk ya faɗa, Allah shi ne shaida. Amma ni tun wurin halittar da ido ba ya gani kaina ya tsaya. Ina ta tunani, in tana da rai, ya anka yi ta zama gari? In ta mutu, mi za ta kashe? Kafin in dawo daga wanga tunani har ya kai ƙarshe.

Ya ce, “Kun gane?”

Kowa ya ce, “Mun gane, Malam.”

Ya dube ni, don ya ga baƙon fuska, ya ce, “Kai fa, Malam Umaru?”

Na ji Dogo ya fara gyaran murya a bayana. Na ce, “Na gane sarai.”

Larai, wanga shi ne mafarin komai. Aikin da za ki koya ke nan, tsayawa gaban mutane irina da leda a hannu. To ki sani, mutum mai gemu ba ya cewa bai gane ba gaban maƙwabcinshi, balle gaban ɗiya mace. Wanda ya fi kowa kaɗa kai da cewa “to, to,” shi za ki bi har gonarshi. Kada ki tambaye shi ko ya gane. Ki ce, “Baba, nuna mani yadda za ka yi in na tafi.” Ki tsaya shi kaɗai, ba gaban jama’a ba. Ke ma can wurin karatu, in malami ya wuce ki, ki ɗaga hannu ki ce an wuce ki. Su yi dariya. Da na bari Dogo ya yi dariyarshi ranar nan, da yanzu an daɗe da mantawa.

Da na zo gida da ledar sai na ce bari in gwada ta irin tamu. Mu masunta mun san guba. Mun san miyagun da ke zuba ta a ruwa, kafin ka gama alwala kifi ya taso ciki sama. A wurina maganin da ke kisa haka yake. Na kamo ’yan karfasa biyu, ba su fi yatsa uku ba, na sa su cikin kwanon wanki, na zuba garin cokali guda na motsa. Na zauna na sa masu ido tun hantsi. Azahar ta yi suna yawo. La’asar ta yi suna yawo, har ƙara ƙarfi sunka yi.

Innarki ta zo wucewa da tsintsiya ta leƙa, ta ce, “Malam, magani kake ba su ko koko?”

Na ce, “Kin ga dai. An raina mu ne. Abin da ya kasa ɗan karfasa, ina shi ina tsutsar da ta cinye gona?”

Ta ce, “To ko ba don kifi anka yi shi ba?”

Na ce mata mi mace ta sani ga magani. Ki ji fa. Ita da ba ta je ƙarƙashin mangwaro ba ta fi ni ganewa. Na maida kifin ruwa, sunka tafi abinsu.

Ki kiyayi wanga hali nawa. Abin da mutum ya iya shi yake auna komai da shi. Ni na iya ruwa, sai na auna maganin tudu da ruwa. Za ki iske manoma a Ambursa da sauran wurare kowa da irin kwanon gwajinshi. Wani hancinshi ne, in bai ji wari ba ba magani ba ne. Wani idonshi ne, in bai ga gawa nan take ba an cuce shi. Kada ki yi masu dariya, kada ki yi fushi. Ki fara tambayar su, “Ya kuke gane magani mai kyau?” Daga amsar za ki san inda za su ɓata.

Duk da haka na fesa, don kada a ce an ba ni ban yi ba. Amma yaushe? Sai da na dawo daga gulbi, rana tsaka, ƙasa na ƙona ƙafa. Kuma na bar shi sai da tsutsar ta yi ƙiba awa ɗan yatsana, don a ganina ƙanana ba su isa a ɓata masu magani ba, awa yadda muke sakin ƙananan kifi mu jira su girma. Na watsa bisa ganye sama-sama na tafi. Da safe na je ina buɗa ƙoƙon masara ɗaya-ɗaya. Ga su nan da ransu, suna lanƙwashewa.

Dogo ya leƙo ta kan kunyar gona ya ce, “Basarke, sun gode da shayi?”

Ranar nan ban yi shawara da kowa ba. Na hau babur na shiga kasuwar Argungu, na iske wani mai tebur da kwalabe, na ce ina son wanda ba ya wasa. Ya miƙo mani wata kwalba, tun ba a buɗe ba warin ya daki hancina. Ya ce, “Wanga, kafin ka juya baya.” Ban tambayi komai ba, shi ma bai gaya mani komai ba. Na dawo na zuba a famfon feshi, na ƙara kan yadda ya ce don in huce haushi, na goya na bi gona. Idona na yaji, bayana na ƙuna inda ya zubo. Tsutsa na faɗowa. Har da ƙudan zuma, har da wasu ƙwari da ban san laifinsu ba. Na ji daɗi, Larai, ba zan ɓoye maki ba. Na ce yau na zama manomi.

Sai na yi abin da hannuna ya saba tun ina yaro. Masunci in ya gama aiki, ruwa yake nufa. Homar kamun kifi a ruwa ake wanke ta, gora a ruwa, jiki a ruwa. Ban ma yi tunani ba. Na gangara tafkin, na juye sauran da ke cikin famfon, na cika na girgiza na zubar, har sau uku. Na ɗauraye kwalbar ita ma. Na wanke rigata. Har na tsaya ina jin sanyin ruwan a ƙafa.

Kin san mi tafkin nan yake a gidanmu. Tun daga ranar da gulbi ya ja ya bar kifi ciki ba mai jefa ko ƙugiya, sai ƙarshen rani babba a gidan ya ce a shiga, a shiga gaba ɗaya, a raba har gidan da ba namiji. Da shi ake fita wahalar bazara. Ni da na san wanga tun ban san sallah ba, ni na yi.

Da safe ihun Yaya Garba na ji. Na iske ruwan ya yi fari da cikin kifi. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, manya da ’ya’yansu, iska na turo su baki. Wasu ba su gama mutuwa ba, suna juyawa wuri ɗaya. Baffanki na tsaye cikin ruwa har gwiwa da wata tarwaɗa a hannu, ya kasa ajiye ta. Ban taɓa ganin fuskarshi haka ba, ko ranar da munka binne mahaifinmu. Rami anka gina anka zuba su, don ba mai yarda a ci.

Mutane sunka taru, kowa na faɗin tashi. Sai Dogo ya ce, “Ai malamin da bakinshi ya ce abu mai rai ne ido ba ya gani. Ya sauka ruwa ya haihu.” Nan take magana ta zauna. Yaya Garba ya juyo ya dube ni ya ce, “Umaru, kai ke bakin ruwa. Mi ka fesa?”

Na ce, “Garin Malam Shehu.”

Na fesa shi kuwa, ba ƙarya na ƙaga ba. Amma na san abin da na yi da wagga amsa. Duk taron nan ni kaɗai na ga kifi ya wuni cikin garin nan lafiya lau. Kwalbar kuwa tun kafin in iso na tura ta cikin rami na take da ƙafa.

Bayan kwana biyu Malam Shehu ya zo duba gonaki, bai san komai ba. Ko sauka babur ba a bari ya yi ba. Shina cewa a kawo bokiti da kifi ya nuna, ana ce mashi ya juya tun da mutunci. Ya duba cikin mutane ya gan ni, ya ce, “Malam Umaru, kai ka ce ka gane. Gaya masu mana.” Na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Ya tada babur ya tafi. Bai sake zuwa ba. Daga baya na ji an maida shi wani wuri, ban san ko saboda mu ba ne.

Nan ban san irin nasihar da zan yi maki ba, don wanda ya yi wanga bai kamata ya yi ma kowa wa’azi ba. Abin da na sani dai, ranar farko maganar ba ta fi nauyin kwando ba. Da na ce “ni ne,” da Yaya ya zage ni, wataƙila ya mare ni, ya wuce. Kullum na ƙara kwana sai ta ƙara nauyi, har na kai ba ni iya ɗaga ta. In kin yi ɓarna wurin aiki, ko kin ba wani awon da ba daidai ba gonarshi ta ƙone, ki koma da ƙafarki ranar, kafin wani ya samo wanda za a ɗora ma. Kuma ki ji tsoron gaskiyar da ake yanka ta biyu a ba da rabi. Ni da ita na cuci bawan Allah.

Kuma tsutsar ba ta tafi ba. Bayan mako biyu ta dawo, don uwar tana nan tana zuba ƙwai. Tun daga lokacin duk fadamarmu kwalba mai wari ake fesawa, bana a ƙara kan na bara, tsutsar kuwa awa tana saba da ita. Na ga Dogo da kanshi zaune bakin kunya shina amai bayan feshi. Duk wanda na gani haka sai in ji awa ni na ba shi.

Farkon ranin ga abin ya ishe ni. Na shiga mota na tafi can Birnin Kebbi inda ba a san ni ba, na nemi shagon da ke da garin mai B da T. Wata yarinya ce a shagon, ba ta fi ki ba. Na ce, “Ɗiyata, ni jahili ne, gaya mani awa kina gaya ma yaro.” Ta faɗa, na ce ta sake. Ta sake, na ce ta ƙara. Ba ta yi tsaki ba, Allah shi yi mata albarka. Ta ce ba taɓa tsutsa yake ya kashe ba, sai ta ci ganyen da ya sauka bisa. Ta ce zafin rana na kashe ƙarfinshi, don haka sai la’asar sakaliya ake fesawa, a kuma ajiye ledar inda ke da sanyi, ba ƙarƙashin rufin kwano ba. Ta ce tun suna ƙanana awa zare ake tarar su, lokacin da ganye ya fara wancan tabon fari, a kuma sa bakin famfon cikin ƙoƙon masarar inda suke ɓoyo. Ta ce in na ga suna da rai washegari kada in damu, sun bar ci, cikinsu ya lalace. A sake bayan mako guda. A riƙa duba bayan ganye ana murje ƙwan da hannu, kada a bar ma magani aikin duka. Wato duk abin da na yi wancan karon, kishiyarshi ce daidai.

Na yi haka a kunyoyin can ƙarshe, inda ba mai gani. Rana ta farko suna nan. Ta biyu suna nan amma ba sabon huji, har zuciyata ta fara cewa in koma kasuwa. Na daure. Rana ta uku na buɗa na iske sun yi baƙi sun yi laushi, wasu na rataye jikin ganye. Sabon ganye ya fito sumul. Zuma na yawonta. Ba yajin ido, ba wari. Na zauna nan bakin kunya, maimakon murna sai kunya ta rufe ni.

Har yau fa ban gane shi ba. Na tambayi yarinyar ya anka yi abin ya san tsutsa ya bar kifi, ta ce cikin tsutsa daban yake da namu da na kifi, a cikinta kaɗai dafin ke narkewa ya kama. Na ce to. Amma wanga “to” ɗin na gaya mata gaskiya na rashin ganewa ne. Shin halittar na da rai cikin ledar ko barci take? In ta gama da tsutsa ina take zuwa? In an koya maku, ki rubuto mani da manyan baƙaƙe. Ki kuma koyi haƙurin kwana ukun nan ki koya ma mutane, don nan ne mutum ke karyewa. Kada ki ba da leda ki tafi. Ki koma rana ta biyu, ranar da mai gona ke tsaye shina duban hanyar kasuwa.

Na iske maganin na aiki amma ban gaya ma kowa ba, don in na faɗa za a ce to mi ya kashe kifi. Haka na yi shiru har takardar ɗaukarki ta zo. Shekaranjiya da kika shige ɗaki kina kuka, Innarki ta kawo mani ruwa ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta ce, “Malam, ’yan karfasan nan na cikin kwano, ni na ga ka maida su ruwa da ransu.” Shekara biyu ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Ta ce, “Ni na iya haƙuri da shirunka. Ita mi ta yi?” Ta ɗauki tirenta ta fita.

Nan na tsaya da rubutu jiya. Yanzu na dawo daga wurin Baffanki.

Na iske shi da hantsi bakin gulbi shina ɗinkin taru. Na yi sallama na tsuguna. Na ce, “Yaya, magana ce ta kawo ni.”

Bai ɗago ba, ya ce, “In ta yarinyar ce, na gama.”

Na ce, “Ta kifin ce. Ba garin malamin ba ne. Guba na sawo a kasuwa, na wanke famfon a tafki.”

Allurar ta tsaya a hannunshi. Na faɗa mashi duka, kwano, kwalba, ramin da na tura ta. Bai katse ni ba. Da na gama ya bi wani jirgi da ido har ya wuce.

Can ya ce, “Shekara biyu ina ambaton mutumin ga da mugun baki. Har cikin sujada na kai ƙararshi. Ka san haka?”

Na ce, “Na sani, Yaya.”

“Kana zaune kusa da ni ana yi, kana cewa amin.”

Na ce, “Ina cewa.”

Ya ce, “Kifi na Allah ne, ya ba da wasu. Kai ka sa ni ɗaukar hakkin mutum, wanga shi ne ban san yadda zan yi da kai ba.” Ya ci gaba da ɗinki, ya ɓata ƙulli biyu ya kwance. Sannan ya ce, “Ba ni kaɗai za ka gaya ma ba. Juma’a in an sauko, gaban waɗanda sunka kore shi, ka tashi tsaye ka faɗa da bakinka, Dogo na ji. Sannan ka nemo malamin duk inda anka kai shi. Ni ma ina da abin ce mashi. Bana kuma ƙafarka ba ta shiga tafki.”

Na ce, “Na yarda. Gonar fa, Yaya?”

Ya ce, “Kada ka tambaye ni yau.”

Na tashi zan tafi, har na yi taku kaɗan, ya ce, “Yaushe motarsu?”

Na ce, “Gobe da hantsi.”

Ya ce, “Ce mata ta biyo ta nan.”

Shi ke nan abin da ya ce. Ban san ko ya yafe mani ba, ban san ko gonar na nan hannuna ba. Lokacin da kike karanta wagga takarda kin riga kin je, kin ji abin da ya ce maki. Ni ba zan iya tambayar ki a tasha ba, kin san halina. In albarka ya sa maki, ki riƙe ta da kyau, taki ce tun farko, ni na tsare ta a hanya.

Abu ɗaya nike roƙon ki. Can cikin malamanku ba za a rasa wanda ya san Malam Shehu ba, siriri mai tabarau da ya taɓa riƙe fadamar Argungu. Ki tambaya mani inda yake. In sun ce ke wace ce, kada ki ɓoye, ki ce ɗiyar Umaru ce, mai gonar bakin tafki, kuma ubanki na neman shi ya ba shi haƙuri. In kunya ta kama ki wurin faɗa, ki yafe mani ita ma.

Ki gaida Gwaggonki, ki taya ta aiki ba sai ta ce ba. Ki riƙe sallarki kan lokaci. In za ki taɓa kwalba mai wari wurin koyo, ki rufe hannu da hanci, kuma ruwan wankin a tona rami nesa da rijiya da tafki a zuba. Ranar Juma’a in kin idar da sallah ki sa ni cikin addu’a, Allah shi ba ni ƙafar tashi tsaye, kada in dubi Dogo in koma zaune.

Allah shi tsare gabanki da bayanki, shi haɗa ki da mutanen kirki, shi ba ki ilimi mai amfani da haƙurin koya ma irina. Allah shi maido muna ke lafiya. Amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Umaru, daga Argungu.